Kada Ki Goge Hanyar Kawunki Ilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Innarki da ƙannenki da duk wanda ke kwana a gidanmu na Tasawa. Allah Ya tsare ki a hanyar Maradi, Ya raba ki da direba mai gaggawa, Ya saukar da ke cikin mutanen da za su faɗa miki gaskiya ko ba ki tambaya ba. Ni ina nan Tamanrasat yadda kika sani, cikin rumfar gyaran waya. Idanu sun fara gajiya, baya ma haka. Ba labarina zan ba ki ba.

Na saurari saƙon muryar da kika aiko mini har sau uku. Kin ce an ba ki jagorancin mutum huɗu, za ku tayar da wasan amalanke, wanda muka fara muka bari shekara tara da suka wuce, daga kilen da kika tsinta a ƙasan akwatina, ɗan abin nan da ake ajiye aikin na'ura a ciki. Kin ce ranar da kika isa za ki raba wa kowa nasa aikin. Sannan kika ƙara, kina dariya, cewa abu na farko da za ku yi shi ne ku goge hanyar Kawu Ilu ku shimfiɗa sabuwa, tunda Innarki ta gaya miki hanyar ce ta kashe aikin. Na ɗauki waya zan ba ki amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na rubuto miki cewa ki jira takarda kawai. Ga ta. Ki zauna ki karanta ta har ƙarshe kafin ki taɓa komai a cikin kilen nan.

Lokacin kina ƙarama, abin da kika sani shi ne Baba yana yin wasan waya. Ga yadda yake. Mai wasa yana da jaki da amalanke. Zai loda gero ko gujiya a ƙauye, ya bi hanya, ya shayar da jakinsa a rijiya, ya kai kaya kasuwar Tasawa ranar da take ci. A cikin haka yaro zai koyi karatu da sunayen ranaku da watanni. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin aikin, ba sai na kira sunanta ba. Mu huɗu ne, a wani ɗaki bayan shagon tela, da panno biyu na hasken rana a kan rufi. Ni ne babba, ni na yi karatun ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ni nake shugabanta. Akwai Habu ɗan garin Maijirgi, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai Laminu ɗan garin Sarkin Hausa, mai na'urar ɗaukar murya. Sai Ilu ɗan Attantane, ƙanin Innarki. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: duk cikinmu babu wanda ya kai shi iya kod, wato rubutun da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Har ni.

Na raba aikin ne a kan ƙwaryar fura, da tsakar rana, ba takarda ba biro. Na raba shi yadda na ga an raba gonar babanmu: kai daga nan zuwa can, kai daga can zuwa gaba, a dasa gamba a tsakani. Na ce kowa ya gina garinsu a cikin wasan, tunda shi ya san shi. Ni Tasawa da kasuwarta, Habu Maijirgi da gonakinta, Laminu Sarkin Hausa, a haɗa masa da duk muryoyin wasan. Da aka zo kan Ilu sai Habu ya ajiye ludayi ya ce, "Attantane me ke cikinta banda rijiya da awaki? A ba shi hanya. Dama ko magana zai yi sai ta kwana a hanya kafin ta iso." Muka yi dariya. Ilu ya yi murmushi ya ce to. Haka ya zama mai hanya, mai rijiyar da ke tsakiyarta, mai duk abin da ya rage tsakanin garuruwanmu.

Uwata, gona tana rabuwa haka ne saboda geron wannan ba ya bukatar ya yi magana da geron wancan. Wasa ba haka yake ba. Rana ɗaya ce ke fitowa a kan garuruwan duka, jaki ɗaya ne ke ratsa su, buhu ɗaya ne ake lodawa nan a sauke can. Mu kuwa kowa ya je ya yi wa garinsa agogonsa. Habu da Laminu da Ilu suka bi yadda na'ura ke ƙirga kwana, rana ta juya da sha biyun dare. Ni na ce wasan ƙasarmu ne, za a ƙirga yadda babana yake ƙirgawa: da an kira magariba an shiga sabuwar rana, shi ya sa muke cewa daren Juma'a tun yammacin Alhamis. Na sa wa Tasawa haka. Har yau ban ce tunanin ba shi da kyau ba. Laifina shi ne ban gaya wa kowa ba. Saboda haka kafin ki ce wa kowa ga naka, ki tsayar da su duka a gaban allo, ku rubuta abin da ba na kowa ba ne alhali na kowa ne: agogo, juyin rana, saurin jaki, nauyin buhu. Kowanne ki sa masa sunan mutum ɗaya a gefe, wanda za a kama idan ya lalace, wanda dole a gaya wa idan za a taɓa shi. Abin da ya rage bayan wannan shi za ki raba.

Wata bakwai muna zaune a ɗaki ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, amma babu wanda ya taɓa buɗe dosiyen wani, wato inda kowa ke ajiye kod ɗinsa. Kin san yadda muka tashi. Mutum ba ya leƙa rumbun ɗan uwansa, ko da ƙofarsa a buɗe take. Idan ka leƙa, kamar ka ce masa ba ka yarda zai ciyar da gidansa ba. Muka ɗauko wannan ladabin daga gona muka kawo shi kan ordinata, muna ganin mutunci muke yi wa juna. Su ukun ba za su buɗe nawa ba saboda ni ne babba. Ni kuma ban buɗe nasu ba, ina cewa amana ce na ba su. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji kada in buɗe na Ilu in ga abin da ban iya ba.

Ke kada ki bar wannan ladabin ya shigo miki ɗaki. Kowane mako kowa ya karanta aikin wani, kuma a fara da naki. Ki ba wanda ya fi jin nauyinki cikinsu, ya karanta da ƙarfi kina zaune, ki gode masa a gaban sauran idan ya samo kuskure, ko da ba ki ji daɗi ba. In ba ki yi haka tun makon farko ba, daga baya ba za su iya ba. Nauyin mutum ƙaruwa yake yi da kwanaki.

Sai saura kwana shida baƙi su zo daga Yamai su ga aikin, sannan muka haɗa garuruwan wuri ɗaya. Ranar Talata ce, bayan azahar, gari ya yi tsit don zafi, telan ma ya rufe shago. Na karɓi waya na yi wasan da kaina. Na kwana Maijirgi, na loda gero, na bi hanyar Ilu, na shigo Tasawa ranar kasuwa.

Kasuwar babu kowa. Rumfuna a tsaye, tabarmi a shimfiɗe, tulin albasa, ƙoren daddawa, takalma a jere, amma ko mutum ɗaya babu. Sai dai muryoyi. Kasuwa tana ci sosai a kunne: ana ciniki, ana rantsuwa, akuya na kuka, wani na kiran wani ya zo ya riƙe masa igiya. Na tura amalanken cikin layin rumfuna, muryoyin suna matsowa suna wucewa kamar ina ratsa taro. Laminu ya ɗauki muryoyin nan a kasuwa ta gaske, tun farkon aikin. Da na kai layin masu ƙuli-ƙuli sai na ji kakarki, wadda kika ci sunanta, tana kiran masu saye yadda take yi, tana jan ƙarshen maganar. Watanta uku a ƙasa lokacin. Tabarmarta a shimfiɗe, faifanta a ajiye, babu kowa a kai.

Na bar wasan ya kwana, gari ya waye a ciki. Sai ga mutane sun cika kasuwa, suna ɗaga kaya, suna miƙa hannu, bakunansu na motsi, ba ka jin ko tari.

Yanzu na san abin da ya faru. Da aka haɗa, Tasawa ta riƙa juya rana sau biyu, nawa na magariba da nasu na sha biyu. Garina ya riƙa gudu yana barin sauran a baya, kullum tazarar na ƙaruwa. Mutanen kasuwa suna bin ranata, muryoyinsu suna bin ranar Laminu. Amma a lokacin ban tsaya na yi tunani ba. Na ce da kowa ya gwada garinsa shi kaɗai lafiya lau yake, sai an bi ta hanya ake samun wannan, don haka hanya ce. Ilu ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ina ga kamar..." Na dube shi. Kallo kawai. Ya mayar da kansa kan ordinata ya ce zai duba.

Bayan kwana biyu ya ce ya yi abin da zai iya. Na gwada, na tashi daga ƙauye da safe na isa kasuwa da hantsi, mutane da muryoyinsu duk suna nan. Ban bar wasan ya kai magariba ba. Na ce ka gani, dama hanya ce.

Ku haɗa aikinku tun makon farko, ko da jakin akwati ne mai kusurwa huɗu, kasuwar kuma layi ɗaya. Ku haɗa kowace Alhamis. In za ki gwada, ki zauna cikin wasan ki kwana, ki wuni, ki sake kwana, kamar yadda yaron da ba shi da gaggawa zai yi. Kuma duk ranar da wani cikin mutanenki ya ce miki "ina ga kamar" ya yi shiru, ki ajiye abin da ke hannunki. Ki bi shi waje in ta kama, ki tsaya har ya ƙarasa. A wurinmu rabin magana daga bakin mai kunya ita ce maganar duka.

Ranar nunin aka ara mana zaure, aka haska wasan a bango. Wata mata cikin baƙin ta karɓi wayar, wasan ya yi mata daɗi, ta ƙi sauri. Ta zaga gonakin Habu, ta kwana Maijirgi, ta loda buhu uku, ta kama hanya. Ilu ya zana hanyar nan da kyau, ki je ki gani da idonki: rairayi, sawun shanu, gawo guda a kan tudu. Rana ta take tsaka ta iso rijiya. Sai ga wani mutum tsaye a tsakiyar hanya, da shuɗiyar riga, wanda ban taɓa gani ba a wasan. Ba shi da inuwa, don rana tana bisa kansa daidai. Jaki ya tsaya. Mutumin ya ce, da muryar Ilu, a hankali, "Dakata kaɗan, ba su shirya ba tukuna."

Matar ta yi dariya ta jira. Jaki ya kaɗa kunne. Guga na lilo a bakin rijiya. Ya sake cewa, "Dakata kaɗan, ba su shirya ba tukuna." Ta danna gaba, ta danna baya, amalanke bai motsa ba. Rana ma ba ta motsa ba. Dariyar zauren ta ƙare, ya rage muryar nan kaɗai tana dawowa, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Matar ta juyo ta tambaya, ba da wasa ba, su wa ne ba su shirya ba.

Shugaban baƙin ya tambaye ni me ya faru. Ilu yana tsaye a bakin ƙofa, da shuɗiyar rigarsa ta ranar Juma'a. Na ce, a gaban baƙi, a gaban mutanen gari da muka gayyato, "Ɓangaren hanya ne. Wanda na ba shi bai iya ba." Babu wanda ya tuna ya kashe sautin. Ina faɗin haka muryarsa tana fitowa daga bango tana cewa a dakata kaɗan.

Mutanen ƙungiya suka ce za su kira mu. Har yau muna jira. Ba na yabonsu, sun zo da mota mai sanyi sun ba aikin wata bakwai rabin awa. Amma ba su suka buɗe bakina ba. Ki riƙe wannan: ranar da aiki ya faɗi a gaban baƙi, sunan shugaba kaɗai ake kira. Ki ce namu ne, za mu duba. Wanda ya yi kuskure a neme shi daga baya, a cikin ɗaki, bayan an karanta kod ɗin layi-layi, ba bayan an kalli fuskoki an zaɓi wadda ba za ta mayar da magana ba.

Abin da na faɗa a zaure shi na maimaita wa Innarki a gida. Ta yarda da ni, me zai hana, ni ne mijinta kuma ni ne na yi karatu. Ilu ya koma Attantane yana gyaran panno da famfon rijiya, bai sake taɓa ordinata ba. In ya kawo mana wake da kaka, a bakin ƙofa take karɓa, gaisuwa biyu ta koma ciki. Ke ma kin tashi kina jin ana cewa Kawu Ilu ne ya sa Baba ya bar gida. Ranar da zan taho arewa ya hau moto tun daga Attantane ya same ni a tasha. Shi ya ɗauki jakata ya ɗora a mota. Na ga bakinsa ya motsa, na yi kamar ina neman wani abu a aljihu.

Shekara uku ke nan da zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Labarin ya same ni ranar Juma'a. Da aka sauko daga masallaci kowa ya rufe rumfa ya tafi cin abinci, layinmu ya zama babu kowa. Ina da kwafin wasan a wani tsohon ordinata. Ba gaskiya na je nema ba, muryarsa kawai nake so in ji. Na buɗe dosiyensa, karo na farko a rayuwata.

Kin san wurin da mai rubuta kod ke barin bayani a gefe, wanda na'ura ba ta karantawa, sai mutum. A daidai inda hanyarsa ta haɗu da ƙofar Tasawa, inda duk shugaban da ke duba aikin mutanensa dole ya bi, ya bar mini saƙo bakwai. Kowanne da gaisuwa ya fara. Na farko ya ce: "Yaya, ina wuni. Ina ga ranar Tasawa tana gudu tana barin tamu. In ka samu sarari ka duba wurin magariba." Wani saƙon ya ce ya sa mutum a rijiya ya tsare amalanke har ranakun biyu su daidaita, don kada baƙi su shiga kasuwar da babu kowa, kada kuma in sake jin muryar tsohuwa a kan tabarmar da ba ta kai. Wani ya ce bai taɓa nawa ba, don ba hurumin shi ba ne. Na ƙarshe ya rubuta shi ne bayan nunin, ranar da ya zo kwashe kayansa: "Yaya, ba komai. Na bar shi nan yana jira."

Na daɗe zaune. Titi shiru, ko kare babu. Ji nake kamar in na waiwaya zan gan shi a bakin rumfa da hannu a baya, yana jiran in gama karantawa.

Layi ɗaya ne, Uwata. Na buɗe nawa dosiyen, na nemo wurin magariba, na kashe shi, na ce Tasawa ta bi agogon sauran. Wasan da matar nan ta yi a zaure yana nan a ajiye, daidai inda ta bar shi. Na buɗe. Ga rijiya, ga gawo, ga jaki, ga mai shuɗiyar riga, shekara shida yana tsaye. Ya ce a dakata kaɗan, sau ɗaya. Sai ya yi shiru. Sai ya juyo da kansa ya dube ni, ban ma san an zana masa juyawa ba. Rana ta gusa, inuwa ta fito daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya matsa gefen hanya ya ce, "To, Yaya, sun shirya. Allah Ya kai ka lafiya."

Ba mai wasa ya ce ba, ba baƙo ya ce ba. Yaya ya ce. Tun ranar da ya ɗauki muryar nan ya san mutum ɗaya ne zai iya buɗe hanyar.

Na shiga Tasawa na tarar da kasuwa cike, kowa da muryarsa a bakinsa, kakarki zaune a kan tabarmarta.

Zan yi adalci, ko da ba ya rage mini komai. Habu da Laminu sun ji ƙishin-ƙishin, Ilu ya taɓa yi musu maganar, suka ce ya gaya wa Yaya da kansa, kowa ya koma garinsa. Suna da nasu kason. Shi ma Ilu, Allah Ya gafarta masa, yana da nasa: da ya daure ya ƙarasa maganar a gabana, ko da zan yi fushi, fushin kwana biyu ne. Kada ki ɗauki shirunsa abin koyi. Amma ni na gina ɗakin da ba a iya magana a cikinsa, ni na yi kuskuren, ni na ɗora wa wani. Mafi muni kuma shi ne wanda na yi daga baya ido buɗe: shekara uku na san gaskiya, ina kiran Innarki duk Juma'a, ina tambayar lafiyar awaki, ban faɗa ba. Na ce ya riga ya tafi, me zai ƙara masa. Da na ji kina dariya kina cewa za ki goge hanyarsa, sai na gane abin da shiruna ke shirin yi. Zai shafe aikinsa da muryarsa, ya bar masa sunan wanda bai iya ba, kuma da hannun ɗiyar ƴar uwarsa.

Ga abin da nake roƙonki, ba umarni ba ne, na zubar da ikon yin umarni a wannan maganar. Kafin ki hau motar Maradi, ki zaunar da Innarki da rana, a tsakar gida, ki karanta mata takardar nan duka, kada ki tsallake inda ya yi mini zafi. Sannan ki buɗe kilen. A dosiyen Tasawa ki nemi kalmar magariba, wuri ɗaya ta fito. Ki gyara da hannunki, ki ɗora wayar a tafinta, ki bar ta ta ji ƙaninta. Abin da za ta ce mini bayan haka nawa ne, zan ɗauki waya in ta kira, zan saurara har ta gama. In ta ce a je Attantane a faɗa wa iyalinsa, ku je, ko da zai jinkirta miki tafiya da kwana biyu. Maradi ba za ta gudu ba.

In kin isa, ki nuna wa mutanenki huɗu hanyar nan kafin ki raba musu komai. Ki bar su su karanta saƙonnin bakwai. Ki ce musu babanki ne Yayan. Ku gyara abin da ya tsufa, ku ƙara abin da kuka ga dama, amma rijiya da mai shuɗiyar riga su zauna, kuma sunan Ilu ya zo farko a jerin waɗanda suka yi wasan. Nawa ki sa shi inda kika ga ya dace, ko ki bar shi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki kunnen da ban samu ba. Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya tsare mutanen da aka ba ki amanarsu daga harshenki, Ya tsare ki daga nasu shirun. Ki gaida Innarki, in ta yarda ta karɓa. Ki gaida ƙannenki, ki ce ina sa musu albarka. Allah Ya jiƙan kakarki da kawunki, Ya sa in dawo in same ku lafiya.

A nawa ordinatan na riga na sallame shi. A naki kilen har yanzu yana tsaye bakin rijiya, rana bisa kansa. Ki je ki sallame shi, Uwata, ya daɗe.

Babanki,
daga Tamanrasat.